Takardar da Na Buga wa Baffa

Litinin, takwas da kwata na safe

Injiniya, shugabar sashenmu, ce ta ba ni littafin nan. Ta ce in riƙa rubuta duk takardar da na buɗe a laburare, da lambarta da bugunta, don kwamiti ya ga an bincika. To ga shi na fara, amma ban buɗe komai ba tukuna, kwamfutar ma ba ta gama tashi ba.

Bari in jera abin a takarda ko kaina zai daidaita. Aikina a sashen gyara shi ne, duk lokacin da za a taɓa wani inji, in shiga laburaren intanet na kamfanin da ya ƙera shi, in nemo shafin da ya dace, in buga, in miƙa wa makanike. Shekara shida ke nan ina yi. Na san laburaren nan fiye da kicin ɗina. Haka dai nake faɗa har makon jiya.

Ranar uku ga wata Baffa ya gyara birkin Na Uku, injin ɗaga kayan da ke saman babban ɗakin aiki. Ni na buga masa takardar. Ranar Alhamis abin da ya faru ya faru. Dogo, ma'aikacin da ke ƙarƙashin injin a lokacin, yana asibiti. Da aka kwance birkin aka auna tsawon sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke matse birkin, sai aka samu milimita arba'in da biyu, alhali littafin injin talatin da shida ya ce. Wato an bar shi sakwa-sakwa. Baffa ya ce shi abin da takarda ta faɗa ya bi. Aka ce ina takardar, ya ce ta ɓata.

An dakatar da shi. Kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sati na uku. In ba a samu wata takarda a laburaren nan da ta ce arba'in da biyu ba, korarsa za su yi da sunan sakaci, ga shi saura wata bakwai ya yi ritaya. Mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa faɗowa daga aikinsa ba.

Baffa aminin mahaifina ne. Bayan rasuwar Baba shi ya kawo ni nan, ya tsaya a bakin ofis har aka ba ni kujera. Zan nemo masa takardar.

Litinin, huɗu na yamma

Bugu na takwas, shafi na 214: talatin da shida. Bugu na bakwai: talatin da shida. Na shida ma haka. Daga na biyar zuwa ƙasa ba sa buɗuwa, sai wani jan rubutu ya fito wai an maye gurbinsu. An maye gurbinsu an kai su ina? Takarda ai ba hayaƙi ba ce.

Talata, sha ɗaya da rabi na safe

A gefen hagu akwai ƙananan akwatuna da ake dannawa a tace sakamako: irin inji, shekara, harshe, bugu. Can ƙasa na ga wani da ban taɓa kula da shi ba, an sa masa alama tun asali, yana nufin a nuna na yanzu kawai. Na cire alamar. Sakamako ya tashi daga tara zuwa dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in. Sai na ji ina dariya ni kaɗai a ofis, har mai shara ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Tsofaffin bugu suna nan ashe. Hotonsu aka ɗauka, wasu a karkace, wani ma da inuwar yatsan wanda ya ɗauka. Na biyar, na huɗu, na uku. Talatin da shida.

Hanyar kantin abinci ta ƙarƙashin Na Uku take bi. Yanzu ina zagayawa ta bayan sito. Ya fi nisa, amma likita dama ya ce in riƙa tafiya.

Laraba, biyu da rabi na rana

Talatin da shida. Har a cikin sallah sai da ta faɗo min.

Alhamis, tara na safe

Yau sati ɗaya. Ba wanda ya ce komai. An wanke daɓen wurin, ya fi ko'ina haske, sai ya zama ido can yake fara zuwa. Kofin shayin Dogo yana kan taga inda ya bar shi, kowa yana ɗaga shi ya goge ƙasansa ya mayar.

Makanikai sun daina ce min Madam Firinta. Da can haushin sunan nake ji, yau kuma na tsinci kaina ina jira wani ya faɗa. Ɗazu na miƙa wa mai gyaran famfo takardarsa, sai na hango shi ta taga ya je gaban injin ya tsuguna, yana duba lambar jikin ƙarfe yana duba takardata. Raina ya ɓaci sosai. Shekara shida ban taɓa ba shi shafin da ba nasa ba. In yana da magana ya zo ya faɗa min a fuska.

Juma'a, goma na safe

Akwai wani ɗan kumfa a kusurwar shafi da ake rubuta tambaya. Na rubuta masa komai dalla-dalla, lambar injin, shafi, bugu, na tambaya ko an taɓa fitar da wata takarda mai arba'in da biyu. Ya gode min da tambayata, ya ba ni bugu na takwas. Na ce wannan na gani, wani nake nema. Ya sake gode min, ya sake ba ni bugu na takwas. A karo na uku na rubuta masa abin da bai kamata matar aure ta rubuta ba. Ya gode min.

Daga ƙarshe ya ba ni adireshin da ake aika wa mutum mai rai. Na aika.

Asabar, bayan la'asar

Na je gidan Baffa. Na same shi a tsakar gida ya kwance fankar maƙwabta, ya jera ƙusoshinta a kan faranti daga babba zuwa ƙarami. Inna, matarsa, ta ce tun da aka dakatar da shi ba abin da ya tsira a unguwar, har agogon bangon da yake aiki lafiya lau sai da ya buɗe. Ta faɗa tana dariya, amma idonta ya faɗa.

Na gaida shi, na fara ba shi labarin bugu takwas da sakamako dubu da wani abu. Yana ji yana goge ƙarfe. Da na gama ya tambaye ni yara, ya tambaye ni maigidana Malam, ya tambaya ko har yanzu rufin ɗakinmu yana yoyo. Na ce Baffa, maganar takardar fa, ko zai tuna yadda samanta yake, ko akwai hoto, ko shafi nawa ne.

Ya ce, "'Yar nan, ki bar neman nan haka. Idonki zai lalace a banza."

Na ce ai ba zan bari a kore shi ina kallo ba. Ya ce kora ba mutuwa ba ce, ya miƙo min sukurdireba in riƙe masa. Ban gane ba. Mutum ana shirin ɓata masa suna, shi kuma ta fanka yake yi. Har na dawo gida ina jin haushinsa.

Lahadi, sha biyu na rana

Malam yana makin jarrabawar ɗalibansa a falo, ni ina ta surutu a kan laburare. Can ya ajiye jan biro ya ce shi fa akwai abin da bai fahimta ba. In babu takardar, Baffa ne ya yi kuskure. To in kuma akwai ta, na same ta, wa ya ba shi ita?

Auren malamin lissafi ke nan. Komai sai ya kai shi ƙarshen layi.

Na ce masa in akwai ta, kamfanin da ya ƙera injin ne ya rubuta ba daidai ba, wannan ai a fili yake. Ya ce to, ya ɗauki bironsa. Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo. Na shiga kicin na wanke tukwanen da na riga na wanke.

Litinin, uku na yamma

Ashe ban da littattafai akwai wani sashe daban na sanarwar gyara, ƙananan takardu da suke fitarwa in sun gano matsala. Ba a jera su da lambar inji ba, da shekara aka jera su, kuma gurbin bincike ba ya shiga cikinsu. Sai dai ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗari huɗu da sha biyu ne. Na buɗe saba'in da ɗaya. Akwai ta sarƙa, akwai ta ƙugiya, akwai wata a kan kalar fenti.

Kaina ya kulle. Na buɗe wata sau uku ban sani ba, sai da na ga na rubuta lambarta a nan sau uku.

Talata, takwas na safe

Na yi ƙoƙarin tuna safiyar uku ga wata. Na rufe ido na zauna. Babu komai. Kamar a ce ka tuna wankin hannun da ka yi sati biyu da suka wuce. Na san Baffa ya tsaya a bakin ƙofa, don kullum nan yake tsayawa, ba ya shiga da takalmin aiki. Na san na miƙa masa da hannu biyu, don kullum haka nake yi. Amma ranar ce nake tunawa ko sauran ranakun?

Talata, ɗaya da rabi na rana

Mutum mai rai ya amsa. Ya ce a iya saninsu ba a taɓa rubuta arba'in da biyu a littafin wannan injin ba. Ya ƙara da cewa in ina son sanin takardar da na sauke a wata rana, in danna sunana a can sama ta dama, akwai jerin duk abin da na taɓa saukewa, da rana da lokaci.

Na san da shi. Kowa ya san da shi.

Ban nuna wa Injiniya wasiƙar ba. Ba ta tambaya ba.

Laraba, goma na safe

Sanarwar gyara, daga 72 zuwa 160. Babu.

Laraba, huɗu da rabi na yamma

Na koma duba littafin a wasu harsuna. Goma sha huɗu ne, biyu kawai nake iya karantawa, amma lamba ai lamba ce ko da wane harshe. Akwai wanda rubutunsa kamar an zubar da ƙusoshi a ƙasa, na bi shi da yatsa har shafi na 214. Talatin da shida.

Sunana yana can sama ta dama. Da ban taɓa lura da girmansa ba.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Akwai abin da ban rubuta ba, bari in rubuta tunda ya wuce.

Lambar kowane inji harafi uku ce da lambobi takwas. Ba na buga ta duka. Huɗun ƙarshe nake bugawa in danna na farkon da ya fito, don kullum shi ne namu. Ni na gano wannan dabarar da kaina tun shekarar farko, har ina alfahari da ita, makanike bai gama gyara tsayuwa ba takarda ta fito. Na Uku 0718 ne.

Tun ranar Lahadi abin yake cina. Yau na ce ko me zai faru ya faru. Na buga 0718. Na farkon da ya fito namu ne, Na Uku, bugu na takwas, talatin da shida. Na goge na sake bugawa. Shi ne. Na yi sau goma. Shi ne.

To ba ni ba ce. Alhamdu lillahi, ba ni ba ce.

Na ci abincin rana har da ƙari. Sai da na dawo na zauna na tuna cewa in ba ni ba ce, to Baffa ne, kuma wai murnar da nake yi ke nan.

Juma'a, biyar na yamma

Matar Dogo ta zo kwasar kayansa daga loka. Injiniya ta raka ta. Na ji abin da take faɗa game da ƙafar, ba zan rubuta shi ba. Ta gaishe ni ta taga, ta ce Dogo yana tambayar Madam Firinta, wai kowa ya je ban da ni. Na ce aiki ne ya yi yawa.

Ta bar takalman aikinsa, ta ce a ba wani.

Asabar, tara na safe

Ban je gidan Baffa ba. Ban je asibiti ba. Na kwance labulen gidan nan duka na wanke.

Lahadi, bayan azahar

Sanarwar gyara a waya, daga 161 zuwa 290. Malam ya ce ai yau hutu ne. Na ce ya ji da jan bironsa.

Litinin, tara da kwata na safe

Laburare ya kulle ni. Wai na sauke takardu fiye da kima, sai bayan awa ashirin da huɗu. Shekara shida ban san akwai kima ba. Saura kwana uku kwamiti ya zauna. Injiniya ta ce in zo ofishinta in shiga da sunanta, ita ba ta cika amfani da shi ba, tana da taro har azahar.

Litinin, goma saura na safe

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na zauna a kujerarta. Hannuna da kansa ya buga 0718, ya danna na farko, ya tafi shafi na 214.

Arba'in da biyu.

Na daɗe ina kallo. Hoton bangon iri ɗaya ne, injin rawaya, ƙugiya baƙa. Shafin iri ɗaya, zanen birkin iri ɗaya. Sai da na koma saman takardar na karanta lambar tun daga farko. Harafin tsakiya daban, lambobi biyu daban. Ƙaramin inji ne, mai ɗaukar tan ɗaya. Namu tan biyar yake ɗauka. Namu yana nan a jerin, shi ne na biyu.

Na koma shafin farko na laburaren. Akwai wata sanarwa da take fitowa in ka shiga, wadda nake rufewa kafin ta gama buɗuwa. Yau na karanta. Tun ɗaya ga wata aka ƙara takardun ƙananan injuna cikin laburaren. Ɗaya ga wata.

To me ya sa ranar Alhamis namu ya fito a sama har sau goma? Na yi ta juya abin, sai can na gane. Abin da ka fi buɗewa kwanan nan shi yake ɗora maka a sama. Sati biyu ina buɗe littafin Na Uku safe da yamma. Ni na tura shi sama da hannuna, na dawo ina yi masa godiya.

Amma wannan bai nuna abin da na danna ranar uku ga wata ba. Bai nuna ba. Mai yiwuwa na lura. Ni mai lura ce.

Litinin, huɗu na yamma

Injiniya ta tambaya ko an dace. Na ce ana nan ana dubawa.

Talata, goma da minti biyar na safe

An buɗe min. Na danna sunana.

Uku ga wata, tara da minti sha biyu na safe. Shafi ɗaya. Na ƙaramin injin.

Talata, sha biyu na rana

Na buga wa mai gyaran famfo takarda. Na buga wa na lantarki. Na amsa waya. Wani ya ba da labari a bakin ƙofa na yi dariya. Ban san wace ce take yin duk wannan ba.

Laraba, bayan la'asar

Na je wurin Baffa da jerin a jakata. Inna ta fita unguwa. Na durƙusa na gaida shi. Na ce Baffa na samu takardar. Bai tambaye ni a ina ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar jakar fata da yake ajiye takardun gida, ya zaro wata a ninke huɗu, duk tabon baƙin mai. Ya shimfiɗa ta a gwiwarsa. Ga arba'in da biyu ya zagaye da fensir. Ga lambar a sama.

Ya ce ranar Alhamis ɗin, bayan motar asibiti ta tafi, ya ciro ta daga aljihu ya karanta samanta. Tun ranar ya sani.

Na ce, "Baffa, me ya sa ka ce ta ɓata?"

Ya ce, "Ni saura wata bakwai. Ke saura shekara nawa? Yara uku gare ki."

Na ce amma ni na ba shi.

Ya ce, "Ke kika ba ni, ni na ɗaura. Ina juya sifana hannuna yana gaya min sifirin nan ya yi laushi. Na tsaya, na sake duba takarda, na ce ai takarda ta fi ni ilimi. Shekara talatin da ɗaya, na ƙaryata hannuna. Wannan ba ke kika yi ba."

Ya ce gobe in zauna in yi shiru, in ce na duba ban samu ba, ai duk sashe ya shaida na duba. Ya ce ubana ya bar masa amanata, kada in sa ya ji kunyarsa. Bai taɓa yi min magana da kakkausar murya ba sai yau. Ya sa na ce to.

Na ce to. A hanya na wuce kwanar gidanmu ban sani ba, sai da mai babur ya tambaye ni ina muka nufa.

Alhamis, bakwai na safe

Na faɗa wa Malam. Bai ce ai ya faɗa ba, Allah ya saka masa. Ya tambaya me zan yi, na ce ban sani ba. Da gaske ban sani ba. Na sa jerin a jaka, na cire, na mayar. Ya ce zai kai yara makaranta, in tafi kawai.

In na yi shiru na bi maganar Baffa. In na yi magana na saɓa masa, kuma na mai da shi maƙaryaci a gaban mutane. Wanne ne biyayya a ciki?

Alhamis, biyu na rana

Su biyar ne a bayan tebur. Baffa yana gefe a kujerar roba, ya sa fararen kaya kamar mai zuwa ɗaurin aure. Shugaban kwamiti ya karanta tuhumar, kalmar sakaci ta fito sau huɗu, na ƙirga. Baffa yana kallon hannuwansa. Aka juyo kaina aka ce ko binciken laburare ya haifar da wani abu.

Na buɗe baki da niyyar in ce a'a. Wallahi da wannan niyyar na buɗe shi. Sai na ji ina karanta rana da lokaci.

Na ajiye musu jerin, na ajiye shafin ƙaramin injin, na bayyana musu lambobi huɗu. Sai da na maimaita sau biyu kafin suka gane, ɗayansu har yana cewa ai dabara ce mai kyau. Injiniya ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Shugaban ya tambayi Baffa ko har yanzu takardar a ɓace take. Baffa ya sa hannu a aljihu.

Da muka fito ya wuce ni a baranda. Na ce Baffa. Bai juyo ba.

Juma'a, sha ɗaya na safe

Sun mayar da shi aiki daga Litinin, da takardar gargaɗi a kan ɓoye shaida. Sakaci ba ya ciki. Ni an dakatar da ni har sai sun sake zama. Na miƙa makullin ofis. Injiniya ta ce in riƙe littafin nan, ba ta jin kwamiti zai so karanta shi.

Asabar, huɗu na yamma

Na je asibiti. Na yi kusan rabin awa a baranda kafin na shiga. Dogo ya rame. Ya ce a'a, yau Madam Firinta ce da kanta. Ban bari ya ci gaba ba, na faɗa masa a tsaye, duka, ban kalli ƙasan bargon ba. Matarsa ta daina fifita.

Ya juya fuska bango. Can ya ce in ƙara masa fankar in zan fita. Na ƙara na fita. Ban san ko zai sake kirana da wani suna ba.

Litinin

Ba inda zan je. Na shirya tsaf kafin na tuna.

Laraba, ɗaya da rabi na rana

Ina shanya aka yi sallama a ƙofa. Baffa ne, cikin kayan aiki, ya fito a lokacin cin abinci. Na ce ya shigo, ya nuna min takalmansa ya tsaya a waje. Fuskarsa a ɗaure. Na gaida shi, ya amsa a taƙaice. Ya ce ni mai taurin kai ce, ubana ma haka yake, kuma bai huce ba, kada in ɗauka ya huce.

Sannan ya zaro takarda daga aljihu. Yau da yamma zai sake ɗaura birkin Na Uku. Wanda aka sa a kujerata ne ya buga masa. A bayan hannunsa ya rubuto lambar jikin injin da biro.

Ya ce, "Duba min."

Na ce Baffa, ni?

Ya ce, "Duk ginin nan ke kaɗai na tabbata ba za ki sake tsallake ko harafi ɗaya ba. Karanta, lokaci yana tafiya."

Na goge hannuna a zani na karɓa. Yana riƙe da hannunsa a gabana, ina karantawa da ƙarfi daga takarda yana bi da ido, harafi uku, lambobi takwas. A ta shida na tsaya. Ya jira. Da na kai ƙarshe ya ce in sake daga farko, na sake.

Daidai take. Ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce a gaida Malam, ya tafi don kada ya makara.